Kuɗin Lafiya da Hannun Buba

Wanda ya yi alkawarin zai tarye ni a filin jirgi bai zo ba. Na zauna a kan akwatina ina kiran lambarsa har cajin wayata ya ƙare, alhali kuɗin ɗaki na riga na tura masa tun ina Dutse. Har yau da nake wannan rubutu a unguwarmu Yalwawa ban san kamanninsa ba. Sannu da zuwan da Amurka ta yi mini ke nan. Ni da na ci cacar biza, unguwa ta cika zaurenmu ana yi wa mahaifina Malam barka, ni da na sayar da Napep ɗina ina cika baki na yi hannun riga da wahala, sai ga ni ina wankin mota a wani ƙaton birni, ina kwana a ɗakin ajiyar tabarmi na wani masallaci da izinin ladan.

Zuciyata a kusa take, kowa a gidanmu ya sani. Da mai wurin wankin ya riƙe mini ladan mako ya ce wai na karce wa wani fenti, ban tsaya dogon Turanci ba, bokitin ƙarfe na kwaɗa masa a ƙeya. Yaransa uku suka rufe ni da duka a bayan gareji, suka tattake ni son ransu, suka fasa mini turmin haƙori. Na tashi babu aiki, babu lada, baki kamar na ɗauko dankali a ciki.

Da wannan bakin na je Juma'a. Ina neman takalmina bayan an idar sai na ji an ce a bayana, “Kai Kaɗo, wa ya gyara maka baki haka?”

Wata da watanni ban ji Hausa daga bakin mutum ba sai ta waya. Na waiwaya na ga wani dogon Bafulatani siriri yana yi mini dariya, ban san sanda hawaye ya zubo mini ba. Sunansa Buba, daga wata ruga a gefen Garki. Shi ma cacar ce ta kawo shi, wani ɗan'uwansa mai shagon kwamfuta ya cike masa fam ɗin. Ya saya mini shayi, ya zauna yana kallon yadda nake sha ta gefe guda yana tsokanata. Ya ce ya ji labarin wata mayanka a can tsakiyar ƙasar da ke ɗaukar mutane, gobe zai kama hanya.

“Me ka sani a aikin fawa?” na ce.

“Shanu ne fa. Ko a lahira muka haɗu mun san juna. Za ka, ko sai sun ƙarasa maka ragowar haƙoran?”

Shi ya biya mini kuɗin mota. Muka yi ta tafiya cikin gonakin masara marasa iyaka, har na daina kallon taga. Garin da muka sauka bai kai Kiyawa ba, kuma tun daga tasha warin mayankar yake tarar mutum.

Na ga yanka a Dutse, na ga layya, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Sa zai shigo ta wani siririn lungu na ƙarfe, a ɗora masa bindiga a goshi, ya zube, sarƙa ta fizge shi ta ƙafa ɗaya ta yi sama da shi yana shure-shure, wuƙa ta bi wuya. Kafin jininsa ya gama tsiyaya na bayansa ya iso. Takalmin roba muke sawa, jini yana kama shi kamar taɓo. Ranar farko Buba ya yi amai a cikin hularsa. Ya ce shanun da aka kashe kafin azahar sun fi na kasuwar Maigatari yawa, kuma babu wadda aka san sunanta. Ni aka kai ni ɗakin sanyi, wurin raba nama da ƙashi. Kowa da wuƙarsa, kafaɗa da kafaɗa, kowa a gajiye, kowa da harshensa. A makon farko na ga wani ya tsaga wa na kusa da shi kunci saboda dutsen wasa wuƙa.

Ranar da aka ɗauke mu, wata mata a ofis ta tara mana takardu muka yi ta sa hannu, bayan kwanaki aka aiko wa kowa wani ɗan kati shuɗi, aka ce na lafiya ne. Muka jefa a aljihu. Sai da albashi ya fara shigowa muka lura duk biya ana yankar wani abu da sunan lafiya. Buba ya ce shi lafiyarsa lau, wa ya aike su?

Akwai wani mutum a garin da ake kira Alhaji Mai Fam. Yana da shago, yana sayar da garin rogo da manja da busasshen kifi, yana aika wa mutane kuɗi gida, a ɗakin baya kuma yana cike wa baƙi takardun haraji. Hausarsa tas, ya daɗe a ƙasar, kuma ranar da muka fara zuwa tuwon shinkafa da miyar kuka ya sa aka kawo mana. Wanda ya ba ka miyar kuka a wannan uwa duniya, ko cewa ya yi rana daga yamma take fitowa ai sai ka ce haka ne. Gare shi muka kai takardar albashin.

Tun kafin ya buɗe baki Buba ya riga shi. “Alhaji, ni ga yadda na fahimta. Kamar saniyar riƙo ce ko? Ka ba mutum ya kiwata maka, in ba ka yanka ba, ba ka sayar ba, ranar da ka zo ya koro maka abarka.”

Alhaji ya dube shi, sannan ya tafa hannu. “Ɗan Fulani, ka fi masu digiri ganewa. Haka take. In shekara ta ƙare ba ka taɓa katin nan ba, za a rubuto jimlar a takardar ƙarshen shekara, har da abin da kamfani ya zuba maka. Ku kawo mini lokacin haraji in fitar muku da shi. Amma ka taka asibiti sau ɗaya, ka yanka saniyarka.”

Ni ma abin ya zauna mini daram, don adashin Innarmu na tuna, ka yi ta zubi ranar kwasarka ta zo. A iya saninmu, duk abin da ka zuba ba ka ci ba naka ne. Ba mu taɓa jin wani zubi da ake yi don kada a kwasa ba.

Buba yana da inda zai kai kuɗin. Ɓarayi sun kore garken mahaifinsa shekarun baya, abin da ya rage wa tsohon bai taka kara ya karya ba. Karsana yake so ya saya masa, har sunaye ya raɗa wa 'ya'yanta tun ba a haife su ba. Daga ranar muka ɗauki asibiti abokin gaba. Da haƙorin nan nawa ya ruɓe ya hana ni barci, Buba ne ya danne ni a ƙasan ɗaki da gwiwa, ya sa filaya ya fizge shi. Na suma na farfaɗo na same shi yana nuna mini haƙorin yana cewa, “Ka ga, Kaɗo, na cece maka ɗan maraƙi.”

Bayan shigowar sabuwar shekara, wata Asabar da la'asar, mun fito daga shagon Alhaji ƙanƙara ta rufe ko'ina, wasu samari biyu suka tare mu a tsakanin motoci. Sun san ranar da baƙi ke zuwa aika kuɗi. Ɗaya ya shaƙe ni ta baya, ɗayan ya zaro wuƙa ya nuna wa Buba aljihu. Da ni ne da na miƙa. Buba ya waiga ya ga shebur ɗin kwashe ƙanƙara a jingine, ya sure shi, ya juya shi yadda ake juya sandar kiwo, ya sauke wa wanda ya shaƙe ni a gwiwa. Na ji ƙarar ƙashi, yaron ya sake ni ya faɗi yana ihu. Mai wuƙar ya kawo sara ta ciki, Buba ya cafke ta da hannun dama, tsirararta. Yaron ya fizge da ƙarfi, ta ratsa tafin hannun tun daga gindin babban yatsa har wuyan hannu. Duk da haka Buba ya sa masa goshi a hanci. Suka ja juna suka gudu, suka bar jini a kan farar ƙanƙara, rabi nasu rabi namu.

Na ce mu tafi asibiti. Ya naɗe hannun da hularsa ya ce mu tafi gida.

A ɗaki ya kunna murhu ya ɗora wuƙar girki har ta yi ja. Ya ce haka suke yi wa sa idan ƙaho ya huda shi. Ya cire riga, a ranar na ga tabon bulalar sharo a haƙarƙarinsa, layi-layi. Ya ce in danne masa hannun a kan tebur. Na danne, na kau da kai, na ji ƙauri kamar ana babbakar kan rago. Wallahi ko tari bai yi ba. Da ya gama ya zuba gishiri, ya shafa man shanu, ya dube ni gumi yana ɗiga daga haɓarsa ya ce, “Da ma akwai madubi in ga ko fuskata ta motsa.”

Litinin ya koma aiki da safar roba a kan safar ƙarfe, ba wanda ya gani. Mako na farko ya ce yana warkewa. Mako na biyu safar ta daina shiga sai da ya nemo babba. Daga nan yatsun suka fara duhu, wani jan layi ya kama hanya daga wuyan hannu ya nufi gwiwar hannu, ɗakinmu ya ɗauki wari. Tsoro ya kama ni sosai. Na yi lallashi, na yi zagi, na ce masa jahilin daji, rannan har na kama shi da kokawa zan ja shi waje, ya sa hagu ya make ni na bugi firji.

“Ka bari takardar ta zo,” ya ce. “Na ɗauki wata goma sha ina kiwo, sai ana gobe kasuwa zan yanka?”

Takardar ta zo a ƙarshen wata, kowa da tasa, ta albashin shekara gaba ɗaya wadda ake cike haraji da ita. Muka kai wa Alhaji. Ya sa tabarau, ya ɗora yatsa a wani ɗan gida a gefen dama inda aka rubuta adadi mai kauri, ya ce ga saniyarku nan. Idon Buba ya yi ja da zazzaɓi, amma sai da ya yi murmushi. Alhaji ya ciro hankici ya toshe hanci.

Na ce, “Alhaji, ka dubi hannun nan don Allah. Tunda takarda ta fito, ba zai iya zuwa asibiti yanzu ba?”

Ya dubi hannun. Da idona na ga ya dube shi. Ya ce, “A'a, kada ku yi gaggawa. Sai kuɗi sun shigo hannu tukuna. Ya ƙara haƙuri, ai namiji ne.”

Buba ya kasa riƙe biro, da hagu ya yi wani zane a inda aka nuna masa. Ni ban sa hannu ba, kuma ba wayo ne ya hana ni ba. Kashi ɗaya cikin uku Alhaji ya ce zai ɗauka, ni kuwa tsohon ɗan Napep ne, na tsaya ciniki, ya ƙi ragi, na fizge takardata na fita ina ƙunƙuni.

A layinmu na ɗakin sanyi akwai wata dattijuwa 'yar Somaliya, muna ce mata Hajiya, kullum sai ta ɓoyo mini sambusa a aljihun rigar aiki. Da na ba ta labarin cinikin sai ta ce me ya kai ni, ga ɗakin karatu na gari ana cike wa masu ƙaramin albashi kyauta. Washegari da muka tashi ta kai ni da kanta ta wuce.

Wata tsohuwar Baturiya na samu, gashinta fari fat, ta karɓi takardata tana shigarwa a kwamfuta. Na ga ta tsallake gidan nan. Na ɗora yatsa na ce, Madam, kin manta kuɗina na lafiya.

Ta ce ba ta manta ba. Wannan adadin sanarwa ce kawai, don in san abin da inshorar lafiyata ta ci a bara, nawa da na kamfani a haɗe. Ba a biyan haraji a kansa, ba a kuma dawo da shi. Kason da aka yanka daga albashina ma tun kafin a lissafa haraji aka cire shi, don haka ba a sake neman ragi da shi. Wanda duk ya shigar da shi a matsayin harajin da aka riƙe masa ya yi ƙarya, kuma mai sa hannu za a kama.

Na ce ai ban je asibiti ba ko sau ɗaya.

Ta ce ko na je kullum, ko ban taɓa zuwa ba, adadin bai canzawa. An biya ne don in na yi ciwo in je. Kuma takardar ta shekarar da ta wuce ce, abin da ya faru a wannan watan bai shafe ta ba ta kowace fuska.

Na sake tambaya da wani Turancin, ko na farkon ne bai fita ba. Amsar ba ta sauya ba. Ta dubi fuskata ta ce lafiya? Na gaya mata hannun Buba. Ban kai ƙarshe ba ta rufe kwamfutar, ta ɗauki makullin motarta, ta bar mutane a layi.

Mun sami Buba a ƙasa kusa da ƙofa yana sambatu da Fulatanci, yana kiran shanu. Da ya gane inda za mu sai ya maƙale ƙarfen gado da hagu. Na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya cije ni a kafaɗa, na kwaɗa masa mari, na saɓa shi kamar buhu na jefa a bayan motar. A asibiti na zaro katin daga aljihunsa, har lokacin yana manne da takardar da aka aiko shi da ita. Matar da ke karɓar mutane ta duba ta miƙo mini, shi ke nan abin da aka nema. Likita ya warware tsumman, ya dube ni ya ce tun yaushe? Da na faɗa masa sai ya juya yana ba da umarni da sauri, aka tura gadon aka rufe ƙofa.

Ban zauna ba. A ƙafa na tafi shagon Alhaji, ban ji sanyi ba ko kaɗan. Na same shi a ɗakin baya da wasu mutum biyu a gabansa da takardunsu. Ya ɗago ya ce, “A'a, Malam Nasiru, ka sauko ke nan?” Galan ɗin manja na ɗauka daga kan kanta na sauke masa a fuska. Ya kifa da kujera, na bi shi, na haye ƙirjinsa, na kama kansa ina bugawa da ƙasa ina tambayarsa ya ga hannun ko bai gani ba. Manja da jini suka gauraye har ban san wanne nake gani ba. Na karya masa hanci da tabarau, na cusa masa takardun a baki. Ba na alfahari da shi, amma ƙarya nake in na ce na yi nadama a lokacin. 'Yan sanda suka zo suka fizge ni, suka fitar da ni suka kifa fuskata a kan ƙanƙara, ɗaya ya ɗora mini gwiwa a wuya har na ga duhu, ankwa ta ci mini fata.

Na yi kwanaki a rufe. Alhaji bai so a leƙa ɗakinsa na baya, don haka bai bi maganar da zafi ba, ba a jima ba ma ya kulle shago ya bar garin. Aka ci ni tara, aiki kuma ya tafi. Hajiya ce ta bi mutanen masallaci ta haɗa abin da aka fitar da ni.

Daga can asibiti na wuce. Buba yana kwance ya rame, an ja masa bargo har wuya. Na zauna. Ya zaro hannun daga ƙarƙashin bargon da kansa. Ƙasa da gwiwar hannu kaɗan ya ƙare, an naɗe da farin bandeji.

“Kaɗo,” ya ce, “kuɗin sun shigo?”

Ba wanda ya gaya masa. Ni na gaya masa, tun daga farko, yadda tsohuwar ta faɗa mini, ban rage komai ba. Ya saurara har na gama. Ya ce, “To duk abin da aka yanka ina ya tafi?” Na ce shi ne ya biya mafi yawan kuɗin aikin da aka yi masa. Ya juya fuskarsa bango.

Tsohuwar ta zo har gadonsa da kwamfutarta ta gyara takardar da Alhaji ya aika da sunansa, don kada hukuma ta biyo shi. Ta ƙarasa tawa. Ɗan rarar da ya dawo mana na gaskiya ko akuya mai kyau ba zai saya ba. Mayanka ba ta da aikin mai hannu ɗaya, ni ma ƙasar ta fita daga raina. Da damina ta kusa muka haɗa abin da muke da shi muka sayi tikiti.

Buba ya hana ni faɗa wa kowa a gida maganar hannun. A Dutse ya kwana a zauren Malam, da safe ya sa babbar riga ya saki hannunta ya rufe wajen. Muka hau mota zuwa Garki, daga nan babur ya shiga da mu daji. Mahaifinsa na zaune a gindin wata tsamiya da dattawa. Buba ya tsuguna nesa kaɗan ya gaishe shi. Tsohon ya dubi hannun rigar da iska ke kaɗawa, ya ɗauke ido, ya juyo gare ni yana tambayata hanya da mutanen Dutse, muryarsa ba ta ko girgiza ba.

Mahaifiyarsa ta fito daga bukka da ƙwaryar nono. Buba ɗan fari ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama inda yake, in za ta yi zancensa sai ta ce wancan. Ta tsaya. Ta ajiye ƙwaryar a ƙasa, ta ratsa ta gaban maza, ta durƙusa a gabansa ta ɗage hannun rigar. Ta riƙe dungun da hannu biyu tana shafawa.

“Abubakar,” ta ce. “Abubakar.”

Sai na ji wani sauti ya fito daga ƙirjin Buba wanda ban taɓa ji ba, ya kifa kansa a kafaɗarta. Dattawan suka sunkuyar da kai. Ta bar shi ya yi mai isarsa, sannan ta juyo gare ni da Hausarta mai karyewa.

“Ɗana, kai ne kuke tare. Ragowar hannun fa? A ina kuka binne masa?”

Ina rufe lokacin da aka yanke, da na fito kuma ban tambaya ba. Shi ma bai tambaya ba. Ta ci gaba da kallona tana jira, hannunta na kan dungun.